Saƙon Da Na Ɓoye Wa Baba

Ni ce mai ɗaukar waya a gidanmu. Tun ina 'yar shekara goma sha uku aikin ya zama nawa, don na fi kowa riƙe magana. A lokacin ban iya rubutun kirki ba, karatuna ya tsaya tun muna ƙauye a Mississippi, sai can da girma na koma aji. Saboda haka duk saƙon da ya shigo a kaina nake ajiye shi, da sunan mai kira da rana da ƙarfe nawa, in Baba ya dawo in zazzage masa yana cire takalmi. Shekara goma sha ɗaya ban taɓa zubar da ko ɗaya ba. Wanda zan ba ku labarinsa yau, masu karatu, shi ma ban zubar da shi ba. Ɓoye shi na yi da gangan.

Sunana Ozella Tibbs, a gida Zella. Babana Hosea Tibbs makaɗin bes ne, jitar nan mai tsirkiya huɗu mai kaurin murya, wadda mutum ke ji a ƙirjinsa kafin kunnensa. In kun taɓa taka rawa da waƙoƙin da suka fito daga Memphis a shekarun can, da wuya a ce ba a kan yatsun Baba kuka taka ba. Amma sunansa ba ya kan faifai ko ɗaya. Faifai na mawaƙi ne da mai situdiyo. Makaɗa kuwa su shiga da safe, su kaɗa, su fito, in waƙar ta fita su je kanti su saya kamar kowa.

Sai Carnell Whitlow. Hmm, Carnell. Dogo ne, baƙi, mai wushirya, daga Arkansas ya zo da jita a buhun fulawa. Shekara uku Baba yana koya masa kiɗa a barandarmu, unguwa kuma duk ta san ba darasi kaɗai ke kawo shi ba. Ɗakin haya yake zaune babu waya, Baba da kansa ya ba situdiyon Mista Dabney lambar gidanmu, ya ce in ƙaramin aiki ya taso a tuna da yaronsa.

Ranar wata Laraba da hantsi ina gugar fararen rigunan Baba wayar ta yi ƙara.

"Gidan Tibbs ne."

"Zella, 'yar albarka, Vernice ce." Sakatariyar Mista Dabney ke nan. "Babanki na kusa?"

"Ya tafi aski."

"To madalla."

Wannan madallar ce ta faɗar mini da gaba. Shekara da shekaru tana kira, ban taɓa jin ta yi murna da rashin Baba ba.

"Saƙon Carnell ne. Ki ce masa Mista Dabney na nemansa Juma'a ƙarfe goma, ya zo da jitarsa, shi kaɗai. Waƙar Willa Mae ce, ta makon jiya."

"Ai Baba ya kaɗa wannan, Miss Vernice. An gama ta."

Ina jin ta tana zuƙar tabarta.

"Na sani, 'yar nan. Ke dai ki faɗa masa. Hosea kuma ba sai ya ji ba. Kin gane?"

Na ce, "Na ji."

Na ajiye wayar na tsaya ina kallon ta. Abin da Miss Vernice ba ta faɗa ba, na san shi. Tun bara yatsun Baba suka soma kumbura. Kowace safiya Mama na jiƙa masa su a ruwan ɗumi da gishiri a cikin kwanon da take kwaɓa fulawa, shi kuma yana ta surutu don kada mu ga yana cije leɓe. In abokan kiɗansa suka ce, "Hosea, yau kana jan ƙafa," sai ya ce ai da gangan ne, kiɗan gaggawa na yara ne. Su yi dariya, su bar shi.

Da Baba ya dawo, yana ƙamshin hodar wanzami, ya zauna a kujerarsa ya ɗaga ƙafa.

"Sakatariya, akwai wani abu?"

"Babu, Baba."

Kalma biyu. Ban taɓa sanin ƙarya tana da sauƙin fita haka ba.

Da la'asar na yafa ɗan gyalena na tafi garejin da Carnell ke faci. Yana hango ni ya miƙe yana goge hannu a wando.

"Yau wace rana! Miss Ozella da kanta? Ku share hanya, jama'a, ku ɓoye tayoyin nan masu datti."

"Carnell, ba wasa ya kawo ni ba."

Na ba shi saƙon yadda aka ba ni, ban rage ba ban ƙara ba. Ina magana wushiryar tana ɓacewa. Ya ja ni bayan gareji, inda ba mai ji, ya zauna a kan wata tsohuwar taya.

Na ce, "Me za su sa ka yi?"

Ya ɗauki tsinke ya ja layi takwas a ƙasa.

"Kin ga tef ɗin da suke ɗaukar waƙa? Haka yake, layi takwas. Wannan na mai ganga, wannan na mai fiyano, wannan na masu ƙaho, wannan na muryar Willa Mae. Kowa da nasa." Ya nuna na uku. "Wannan na Mista Hosea." Sai ya sa tafin hannu ya share shi. "In na kaɗa a kai, nasa ya tafi. Sauran ba abin da zai taɓa su."

"Ya tafi ina?"

"Ya tafi, Zella. Babu shi kuma."

"To kada ka je."

"In ban je ba wani za su kira." Ya ɗago ya dube ni, idonsa ya kaɗa. "Akwai wani yaro farar fata da ke zuwa daga Nashville, hannu gare shi kamar inji. In shi ya kaɗa, duk makaɗin da ke garin nan zai ji baiti ɗaya ya ce an cire Hosea. A shagon aski za a yi ta hirarsa. Ni kuwa na san hannunsa. Na san inda yake shiru ya bar mawaƙiya ta ja numfashi, na san yadda yake jingina a bayan ganga. Zan kaɗa shi sak. Ai ba a rubuta suna, wa zai sani?"

"Kai za ka sani. Ni ma."

"Mu biyu ai za mu iya ɗauka."

Ni dama ba mai saurin amsa ba ce, sai magana ta kwana biyu a cikina nake sanin me nake ji. Na juyo gida ina ta juya maganarsa. In na ce muku ban ga gaskiya a cikinta ba na yi ƙarya. In kuma na ce ban hango wani abu a idonsa ba lokacin da ya ce zai kaɗa shi sak, wani ɗan haske na yaron da za a fara ɗauka a babbar waƙa, nan ma na yi ƙarya. Duka biyun suna nan. Mutum ɗaya ne ya riƙe su.

Mama na kicin tana tsinke ganye. Earline Tibbs ba a ɓoye mata abu, ko ba ka faɗa ba za ta karanta a tafiyarka.

"Rufe ƙofar. Vernice ce ta kira da safe ko?"

Na faɗa mata komai. Ba ta daina tsinke ganyen ba.

"Juma'a zan aiki babanki wurin ƙanwarsa ya duba mata famfo," in ji ta. "Ke kuma ki ja bakinki ki rufe."

"Mama, ban taɓa ɓoye masa saƙo ba."

"To yau kin fara, kin zama mace. Ke kina tsammani auren shekara talatin da faɗin komai ake yin sa?" Ta yar da kara a kwando. "Ni nake jiƙa hannun nan, Ozella. Ni na san abin da ya rage a cikinsa. Wannan ce waƙarsa ta ƙarshe, ko ya sani ko bai sani ba. Ki bar shi ya ji ta a rediyo ya ce ga ni nan. Me zai ragu a jikinki?"

"In ya gane fa?"

"Yaron nan a barandata ya koyi kiɗa, da burodina ya yi ƙiba. Ba zai gane ba." Sai ta sassauta murya. "Kuma ki buɗe kunne. Carnell ya yi mini magana, yana so ya zo ya nemi izinin aurenki wurin babanki. Shekararki ashirin da huɗu kina gadin waya. Yaro mai zuwa coci, ba ya sha, ga shi ƙofa ta fara buɗe masa. Kada ki sa ƙafa ki ture abincinki saboda layi ɗaya a kan tef."

Juma'a ta zo ta wuce. Baba ya gyara famfo, ya dawo yana mitar ƙanwarsa. Carnell bai zo darasi ba ranar, ya ce mura. Da ya dawo mako na gaba sai ya riƙa kuskure a baranda, kuskuren da na san ya wuce shi tun tuni, Baba yana buga masa hula a ka yana cewa, "Kai, ɗan Arkansas, yatsu ne da kai ko rogo?" Carnell ya yi ta dariya. Ni ina daga ciki ina jin su, ina ji kamar in toshe kunne.

Mako shida aka yi. Aka sa ranar Asabar da rana Carnell zai zo cin abinci, kowa kuma ya san abin da zai biyo bayan abincin.

Tun safe Mama ta zaunar da ni a kicin ta miƙar mini da gashi da zafaffen mataji, har ta ƙona mini kunne tana cewa in daina motsi. Na sa rigata mai ruwan zuma, mai farin wuya da ƙananan maɓallai goma sha biyu a baya, wadda na ɗinka don bikin Ista ban samu sawa ba. Ta ba ni 'yan kunnenta na lu'ulu'un roba. Aka shimfiɗa farin ƙyallen tebur da ba ya fita sai Kirsimeti. Ga soyayyar tarwaɗa, ga burodin masara, ga ganye, ga shayi mai ƙanƙara a babban tulun gilashi. Carnell ya iso ƙarfe ɗaya cikin kwat ruwan toka da ta ɗan yi masa gajarta a hannu, aljihunsa na dama ya yi ɗan tudu, yana ta dafa shi.

Baba ne babu. Sai ɗaya da rabi muka ji shi a kan matakala yana fito.

"Earline! Zella! Ta fito!"

Ya shigo da ƙaramin faifai a rigar takarda, ya ɗaga shi sama da hannu biyu. Har kantin Mista Odom ya taka a ƙasa ya sayo.

"Hosea, abinci zai huce," in ji Mama.

"Ya huce mana. Minti uku ne. Carnell, zauna ka ji yadda manya ke yi."

Ya ɗora faifan a garmaho, ya sa allura da ƙyar don yatsun ba sa kama ƙaramin abu, ya zauna ya rufe ido. Ganga ta shigo. Bes ya biyo ta, a hankali, yana jingina. Allah ya sani, ni da na san komai sai da na ji tsigar jikina ta tashi, don Baba ne. Baba ne sak. Na ga ƙafarsa tana taka ƙasa, na ga murmushi ya buɗe masa fuska, irin wanda na daɗe ban gani ba. Mama ta dube ni ta gefen ido, wato kin gani ko.

Aka shiga baiti na biyu. Ƙafar ta tsaya.

Bai buɗe ido ba har waƙar ta ƙare. Ya tashi ya mayar da allura farko. Muka sake ji. Ya sake mayarwa. Sau uku. Carnell ya zuba wa tulun shayi ido kamar a ciki aka rubuta masa abin da zai faɗa.

"Ta yi kyau," in ji Baba. "Za ta sayu. Zella, zo ki taya ni wanke hannu."

Bai taɓa neman a taya shi wanke hannu ba. Na bi shi barandar baya, wurin famfo. Bai kunna famfon ba. Ya tsaya yana kallon igiyar shanya.

"A baiti na biyu," ya ce, "inda take cewa ba za ta dawo ba, yatsana na tsakiya ya maƙale. Na makara da rabin numfashi. Na ɗaga kai na dubi Dabney ta gilashi, ya ɗaga mini babban yatsa, wai ya yi. Ban faɗa wa kowa ba, ko uwarki. Mako bakwai abin yana cina. Yau na ce bari in je in sayo in ji kunyata da kunnena, in huta." Ya juyo. "Babu ita a faifan, Zella."

"Ko na'ura ce ta gyara, Baba?"

"Na'ura ba ta gyara yatsa."

Na sunkuyar da kai.

"Yaron ya iya. Har inda nake shiru ya yi shiru. A baitin farko ni kaina na yarda ni ne. Na ji daɗi, kin gan ni ai. Na ce ashe da saura, Hosea. Minti ɗaya cur ina alfahari da hannun wani." Ya yi wata 'yar dariya marar sauti. "Dabney bai yi laifi ba, ni ma da ni ne shi da na cire ni. Yaron ma na san abin da ya hango. Amma Carnell ba shi da waya."

Iska ta ɗaga zanen gadon da ke kan igiya ta sake shi.

"A gidan nan aka kira shi. Ina son saƙona."

"Baba..."

"Yadda kika saba. Da suna, da rana, da ƙarfe nawa."

Na tsaya a gabansa da rigata mai ruwan zuma, na haɗa hannu a baya kamar 'yar shekara sha uku.

"Miss Vernice, Laraba, ƙarfe sha ɗaya saura. Mista Dabney na neman Carnell Juma'a ƙarfe goma, ya zo da jitarsa, shi kaɗai. Waƙar Willa Mae ce, ta makon jiya." Na dube shi. Ya jira. "Hosea kuma ba sai ya ji ba."

Ya gyaɗa kai a hankali.

"Ranar na tambaye ki."

"Ka tambaye ni."

"Mako shida da kwana uku," ya ce. "Saƙo bai taɓa daɗewa haka a hanya ba."

Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi. Ya wuce ni ya koma ciki. Ina biye da shi na ga ya shiga ɗaki ya fito da jitarsa, tsohuwar nan da fentinta ya goge a inda hannunsa ke kwanciya. Ya haɗa ta da akwatin sauti, ya ɗora wa Carnell a cinya, a gaban kifi da komai.

"Hosea, don Allah," in ji Mama.

"Earline, ke ma na san da hannunki, bari mu gama da wannan tukuna." Ya ja kujera ya zauna daf da Carnell. "Kafin ka kaɗa a kai, sun kunna maka nawa ka ji?"

Carnell ya ce, "Sun kunna, Mista Hosea."

"Sau nawa?"

"Sau huɗu. Ni na ce a ƙara."

"To kai kaɗai ka rage da shi a duniya. Kaɗa mini baiti na biyu. Ba naka ba. Nawa, yadda na yi shi."

"Ranka ya daɗe, ni dai don kada..."

"Na san don me. Kaɗa."

Carnell ya goge tafinsa a kwat. Ya fara. Babu ganga, babu murya, bes kaɗai a cikin falonmu, har cokula suna 'yar rawa a kan tebur. Ya tafi, ya tafi, da ya iso wurin sai yatsansa ya tsaya, ya makara da rabin numfashi, sannan ya faɗo a gurguje yana neman kamo sauran. Abin ba daɗin ji. Hawaye na zuba a kan tsirkiya bai share ba.

Baba ya rufe ido.

"Yauwa," ya ce. "Wannan ni ne."

Sannan ya dafa tebur ya miƙe.

"Jitar ka tafi da ita, tana bukatar hannu. Abin da ke aljihunka kuwa ba ni za ka tambaya ba. A gidan nan an iya yanke shawara ba tare da ni ba."

Ya shige ɗaki ya ja ƙofa. Bai buga ta ba, a hankali ya rufe.

Mama ta zauna jagwab ta rufe fuska da ƙyallen goge hannu. Carnell ya jingine jitar a bango kamar tana da zafi, ya zo ya durƙusa a gabana, ya ciro ɗan akwatin zoben neman aure daga aljihunsa. Ko buɗe shi bai iya yi ba.

"Zella, ki ce wani abu. Ko zagi ne."

Ina son sa, masu karatu. Ban taɓa faɗa da baki ba sai yanzu da nake rubuta muku. Amma a lokacin in na dube shi tafin hannun nan nake gani yana share layi na uku a ƙasa, in na kau da kai kuma in ji muryata tana cewa babu, Baba.

Na ce, "Mayar da shi aljihu, Carnell. Ba yau ba."

"To yaushe?"

"Ban sani ba."

Mama ta ɗago. "Ozella, ki yi tunani!"

Ban tsaya ba. Na bi ɗan lungun zuwa ƙofar Baba. Mutumin nan makaɗi ne, daga bugun ƙofa yake gane kowa a unguwarmu, kafin ka sauke hannu ya kira sunanka. Na ƙwanƙwasa yadda na saba tun ina yarinya, biyu a jere, ɗaya a baya.

Na ji gado ya yi ƙara, na ji ya gyara murya.

"Wane ne?" in ji Baba.